Kyamarar sola a daji: me ya sa take aiki a tsakar gida, ta mutu a gona?

Kawuna yana da wani fili a kan hanyar Argungu, can gefen fadama, rabinsa garka ce ta mangwaro da gwaiba, rabin kuma saura ce da ya ƙyale da gangan ta koma daji saboda shi tun yana saurayi mutum ne mai son farauta, har yau in ana hirar zabin daji ko fakara sai ka ga ya gyara zama. Shekara biyu ke nan wurin yana ba shi ciwon kai. Wasu su shiga su ɗana tarko, wasu su sare itace su yi gawayi, da rani kuma samari su cinna wa ciyawa wuta don korar gafiya da zomo, wutar ta bi ta cinye masa dashen mangwaro. Sai ɗansa da ke aiki a Abuja ya aiko masa da kyamara mai ɗan fanel ɗin sola a ka, aka haɗa ta da waifai ɗin gida, aka gwada a tsakar gida kowa ya ga kansa tar a waya, aka yi ta murna. Washegari aka kai ta daji aka ɗaure a jikin itace, wajen kilomita 3 daga gida. Shiru kake ji. Da yamma ya kira ni, da yake ina taɓa aikin sola da haɗa intanet a Birnin Kebbi, ya ce "kai yaro, wagga na'ura da ɗan'uwanka ya aiko ba ta komi, zo ka ɗauke abinku."

Kyamarar lafiyarta lau. Matsalar ita ce an fara da abin da ya kamata a ƙare da shi, kuma ba kawu kaɗai ba, kusan duk wanda ya kira ni a kan gona ko garke ko dajin farauta ya riga ya sayi kyamara kafin ya tambayi kansa ta wace hanya hoton zai iso wayarsa, kuma wa zai ba na'urar wuta dare da rana. Kyamara ido ce kawai. In babu hanya babu wuta, ka rataya wa itace kwalliya ne.

Tambayar farko da nake yi wa mutum ita ce, so kake ka ga abu lokacin da yake faruwa, ko so kake ka san abin da ya faru bayan ya faru? Don waɗannan aiki biyu ne daban, kuɗinsu ma ba ɗaya ba. Mafarauci da yake son sanin wace dabba ke zuwa mashaya kuma da ƙarfe nawa, ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Akwai ƙaramar kyamarar daji da Turawa mafarauta ke amfani da ita, tana barci ne sai ta ji ɗumin jikin abu mai motsi sannan ta farka ta ɗauki hoto ta ajiye a memori, batirin tocila ƙanana ko ɗan fanel ya ishe ta makonni, kai kuma ka je ranar da ka ga dama ka cire memorin ka duba. Amma wanda yake son in an shiga masa garka cikin dare wayarsa ta yi ƙara nan take, to shi kam dole sai hanya.

Hanyar nan iri biyu ce da talaka zai iya tunani. Ko dai kyamara ko rawuta (na'urar da ke watsa waifai) mai cin sim, wadda za ta hau sabis ɗin MTN ko Airtel ko Glo kamar waya, ko kuma ka ja naka waifai ɗin daga gida zuwa daji. Ta sim ta fi sauƙi in akwai sabis mai ƙarfi a wurin, sai dai a kula, ba sandunan sabis da ke saman waya za a duba ba, a tsaya daidai inda za a kafa kyamarar a gwada tura bidiyo ta WhatsApp da safe da kuma bayan isha'i, don kyamara turawa take yi ba karɓa ba, kuma akwai wurin da za ka kalli Facebook lafiya amma tura bidiyon minti ɗaya ya gagara. Sannan maganar data. Kyamarar da ke turo hoto ba tsayawa a kan megabit 1 kacal a sakan tana cin kusan giga 11 a kwana ɗaya, a wata ta haura giga 300, wa zai iya? Shi ya sa mai sim ana saita ta ne ta yi ta ajiya a memori, sai in ta ga motsi ta turo hoto ko ɗan guntun bidiyo. Wani abin da ke cin kuɗin mutane shi ne kyamarorin kwance da ake kawowa daga Amurka, da yawansu an ɗaure su da kamfanonin waya na can, kuma zangon 4G ɗin da suke kamawa ba shi ne namu ba, ka sa sim ɗinka ta ƙi ko motsi. A gwada da sim a gaban mai shago kafin a biya.

Akwai kuma darasin da 'yan'uwanmu na Zamfara suka koya a jikinsu. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka yi makonni, wasu wuraren watanni, babu kira babu data. Duk na'urar da ta dogara da sim a ranar ta makance. Wanda kuwa ya ja nasa waifai daga gona zuwa gida, da na'urar ajiyar hoto a ɗakinsa, shi bai da ruwa da kamfanin waya, domin waifai daban intanet daban, mutane da yawa suna haɗa su wuri ɗaya. Waifai hanya ce tsakanin na'urorinka, ko babu intanet sam kana iya kallon gonarka daga ɗaki. Intanet sai in kana son gani daga Abuja ko Legas.

To yaya ake jan waifai kilomita 3? Rawutar gida kamar fitilar kwai take, tana watsa haske ko'ina amma ba ya nisa, mita 30 zuwa 50 ya fara dushewa, in akwai katanga ma bai kai nan ba. Wasu sai su sayi rifita, na'urar da ke karɓar waifai ta sake watsa shi gaba, su yi ta jerawa, to ita rifita mai eriya guda da baki ɗaya take karɓa take mayarwa, duk tsalle ɗaya gudun ya ragu da kusan rabi, kuma kowace sai an ba ta wutarta, a daji wannan ba hanya ba ce. Kebul ɗin intanet kuma iyakarsa mita 100. Abin da ake yi shi ne a samo na'ura biyu masu nuni, mu masu aikin muna ce musu rediyo amma ba na jin labarai ba ne, su kamar tocila suke, suna tattara ƙarfin su harba shi waje ɗaya. Ɗaya a gida, ɗaya a daji, suna kallon juna. Irin su NanoStation da LiteBeam na Ubiquiti, ko CPE510 na TP-Link, ko na Mikrotik, duk suna kasuwa kuma kilomita 3 ba komai ba ne a wurinsu, da sharaɗi ɗaya, su ga juna.

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake son a natsu. Ganin juna ba wai ka hau sama ka hango can kawai ba. Saƙon ba ya tafiya kamar zare, siffarsa kamar kwalekwalen masuntan Argungu ce, siriri a baki biyu, mai faɗin ciki a tsakiya. Masana suna kiran wannan da sunan wani Bafaranshe masanin haske, Fresnel, kuma ƙa'idar ita ce aƙalla kashi 60 cikin 100 na cikin kwalekwalen nan ya zama babu abin da ya tokare shi. A tazarar kilomita 3 da rediyo mai aiki a zangon gigahaz 5, daga layin tsakiya zuwa ƙasan cikin ya kusa mita 7, kenan kana bukatar sarari na wajen mita 4 a ƙarƙashin layin. In a tsakiyar hanya akwai dalbejiya mai tsawon mita 8, dole layinka ya wuce ta sama da mita 12, kenan falwayarka ta gida da ta daji kowace sai ta kai haka in ƙasar shimfiɗe take. Mai gigahaz 2.4 ta fi ɗan jure ganye amma cikinta ya fi faɗi, ita sai ka ba ta kusan mita 6, ga cunkoso a cikin gari don kowace rawuta a kanta take. Shi ya sa kafin in sayi ko kusa nake neman wuri mai tsawo, kan tankin ruwa, rufin bene, ko tudu, sannan mutum ɗaya ya hau can da madubi da rana ko tocila mai ƙarfi da dare, in na ga walƙiyar daga nan sai mu fara lissafi.

Ganye shi ne babban abokin gaba, saboda ruwa ne a cikinsa kuma ruwa yana shanye irin wannan saƙon. Mu nan kuma itatuwanmu suna da dabi'a da littafin Bature ba zai gaya maka ba. Kuka tana zubar da ganye da rani, ka je a watan Maris ka hango can ta tsakanin rassanta ka ce hanya ta buɗe, ruwa na sauka ta cika da ganye sabis ya ɗauke. Gawo kuma akasin haka yake, da damina yake tsirara, da rani ya yi lif. Kenan wanda ya auna da damina gawo zai yaudare shi, wanda ya auna da rani kuka za ta yaudare shi. Ga dalbejiya da mangwaro da ke ƙara tsawo duk shekara, ga giginya da ba ta da faɗi amma in ta faɗo daidai kan layi ta isa. Ko dawa da gero in sun yi kai suna rufe kyamarar da aka ɗaura ƙasa-ƙasa.

Sai wuta. Ɗan fanel ɗin da ke zuwa a kan kyamara an yi shi ne don kyamarar da ke barci tana farkawa jefi-jefi, ba zai riƙe rediyo ba. Mu yi lissafi a fili. Kyamarar da ke kunne kullum tana cin wajen wat 6, da dare in fitilunta sun kama ta fi haka, rediyo wajen wat 5, a ce duka wat 12. Sau awa 24 ya zama wat-awa 288 a kwana ɗaya. Batir mai bolt 12 amf 100 yana ɗauke da wat-awa 1200 a takarda, amma in na dalma ne rabi kawai ya kamata ka taɓa in kana son ya daɗe, kenan 600, kwana biyu ke nan ba rana. Na litiyam irin wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa yana ba ka kashi 80 zuwa sama kuma ya fi tsawon rai, ya fi tsada dai. Fanel kuma, Allah ya hore mana rana a Kebbi, amma ni da awa 5 na rana mai ƙarfi nake lissafi, in cire kashi 30 na asara a waya da kwantirola mai daidaita cajin batir da zafi, sai ya nuna wat 80 da 'yan kai. Ban taɓa sa 80 ɗin ba, 150 nake sawa, saboda watan Agusta da hadari ke kwana biyu uku bai washe ba, da kuma hunturu da ƙura ke rufe sama ta kuma kwanta a kan gilashin. Fanel ɗin da aka bari wata guda ba a goge ba a Janairu, ka shafa yatsa ka gani. A karkata shi ya kalli kudu da kamar digiri 12 zuwa 15, daidai da inda muke a doron ƙasa, kuma karkatar tana sa ruwan sama ya wanke shi.

Zafi kuma yana kashe batir fiye da yadda aiki ke kashe shi. Batirin dalma an auna rayuwarsa ne a digiri 25, duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana haura 40, to ina ga akwatin ƙarfe da aka kulle a tsakiyar rana? Akwatin ya zauna a inuwar fanel ɗin, a yi masa fenti fari, a huda masa mashigar iska a rufe da raga, in ba haka ba zanzaro da tururuwa da ƙadangaru su mayar da shi gida. Zafin nan yana taɓa idon kyamarar ma. Abin da ke tada ta daga barci bambancin ɗumin jiki ne da na wurin, in ƙasa ta yi zafi ta kai na jikin mutum, digiri 37, sai mutum ya gitta da azahar ba ta ji shi ba, ko kuma iska ta kaɗa busasshiyar ciyawa mai zafi ta yi ta ɗaukar hoton banza har memori ya cika. A share gabanta, kada ta kalli gabas ko yamma don rana na shiga mata ido safe da yamma, a juya ta arewa ko kudu, kuma a sa ta yadda abu zai gitta ta gabanta, ta fi jin mai gittawa a kan mai tahowa kai tsaye.

Da dare kyamara tana haska wurin da wani haske da idon mutum ba ya gani. Iri biyu ne, mai lamba 850 yana nisa amma fitilun suna yin ja-ja kamar garwashi, mai lura zai hango, mai lamba 940 ba a ganinsa sam amma bai kai wancan nisa ba. Don dabba ko don ɓoyewa daga mai tarko, 940. Gizo-gizo kuma yana son saƙa a bakin gilashin saboda ƙwarin da ke taruwa, zare ɗaya ya isa ya mayar da hoton dare fari fat.

Ƙananan abubuwa da sauri: falwayar katako gara za ta ci, a sa bututun ƙarfe da kankare. Kebul na cikin ɗaki rana za ta farfasa shi a shekara guda, a nemi na waje mai baƙar riga kuma tagulla zalla, a zura shi cikin bututu saboda ɓera. Ƙarfe mai mita 12 a fili kiran tsawa ne, dole a sa masa sanda a sama da waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka binne a ƙasa. A share ciyawa kewaye da gindin kafin lokacin ƙuna. Kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani a canza ta ranar farko, don kowa ya san ta. Masu tambayar Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, kuma, e yana aiki, tun Janairun 2023 ya shigo Najeriya, amma babban faifansa yana cin wat 50 zuwa 100 gwargwadon samfurin, ka ga lissafin batirin nan sai ka ninka shi sau biyar ko fiye, ga kuɗin wata.

Akwai maganar da ta fi duk wannan nauyi a wurina. Kyamara ba ta kora ɓarawo, shaida kawai take bayarwa, kuma ita kanta da fanel da batir kayan sata ne masu kyau. Kafin a kafa komai a je a gaya wa mai gari da maƙwabtan gona, har da makiyayan da ke bin burtalin wurin, kada a wayi gari a ce wane ya sa ido yana leƙen mutane. Kada ta kalli rijiya ko mashayar da mata ke wanka da wanki. In ta kama wani, hoton wajen mai gari ko hukuma za a kai, ba Facebook ba, don hoton dare yana kama da kowa kuma ɓata sunan bawan Allah ba wuya. Sannan dazukan da kowa ya san 'yan bindiga na yawo a cikinsu, ko a Zamfara ko ta gefen Zuru, ni ba na zuwa kuma ba na ba kowa shawarar ya kafa falwaya mai eriya a can, in suka gan ta ba za su ɗauka don zabi aka sa ba, mai gonar da yaron da ke goge fanel su za a fara nema.

Shi kawu da muka auna, layin gida zuwa daji bai yiwu ba, akwai jerin dalbejiya da giginya a tsakiya da sai mun yi hasumiya. Amma a kan tudun da bukkar mai gadi take, in ka ɗaga waya sama 4G na kamawa da kyau. Sai muka kafa bututu mita 6 a nan, rawuta mai sim a sama cikin akwati, fanel 150 da batir a ƙasa, kyamarar da ɗansa ya aiko muka ɗaura ta kusa tana kallon ƙofar garka inda waifai ɗin ke kai mata. Daga tudun muka harba rediyo biyu zuwa kusurwar fadama, wajen mita 600 fili fetal, inda masu gawayi ke shigowa da amalanke, can ma kyamara da nata ƙaramin fanel da batir. Cikin saurar kuma ba mu ja komai ba, kyamarar daji biyu masu memori kawai, ɗaya a mashaya ɗaya a kan turbar da zomaye ke bi, an ɗaure su daidai gwiwa an lulluɓe da ɓawon itace.

Duk Juma'a bayan an sauko masallaci jikansa yana hawa babur ya goge fanel da tsumma, ya share yanar gizo-gizo, ya canza memori ya kawo masa. Makon jiya da na je gaishe shi na tarar da shi a zaure da tabarau yana ƙirga zabin da suka sauka mashaya da asuba a wani hoto, ya ƙirga sau biyu ya samu 14, ya ce bana ba mai taɓa su sai sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe da damina. Sannan ya tambaye ni ko za a iya ƙara ɗaya ta gefen gabas, inda wutar bara ta shigo.